Shekara biyu ina jan ƙaramin akwati mai taya huɗu, ga yadda muka kwashe da shi

Jama'a barkanmu da war haka. Dama wasu sun ta tambayata kan ɗan akwatin nan da suke ganina da shi, yau dai na samu zama. Sunan kamfanin ba zan faɗa ba, don ba talla suka ba ni ba, kuma akwai inda zan caccake su.

Irin wanda ake shiga da shi cikin jirgi ne, tsawo santimita 55 har da tayoyin, faɗi 40, kauri 20, nauyinsa ba komai a ciki kilo 2 da rabi. To wannan nauyin ne ban lissafa ba ranar da na saya, kamfanonin jirgi da yawa kilo 7 ko 8 suke yarje maka na kayan hannu, kenan kafin ka saka ko singileti akwatin ya riga ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku. Tafiyata ta farko da shi aka ɗora a sikeli ya nuna 9 da ɗoriya, haka na durƙusa a gaban layi na buɗe shi mutane na kallon kayana, na zaro rigar sanyi na saka ana zafi, na cusa caja da littafi a aljihu, wallahi kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina dawowa na sayi ɗan sikelin ratayen nan na hannu, yanzu a ɗaki nake gama awona.

Tayoyin kuwa su ne daɗinsa kuma su ne matsalarsa. A filin jirgin Istanbul, wanda ya san wajen ya san tafiyar da ake sha kafin a kai ƙofar shiga jirgi, da yatsa biyu nake tura shi yana bina a gefe kamar ɗan akuya, ko nauyinsa ba na ji. Amma ka fito waje ka hau titin da aka shimfiɗa da duwatsu, ko ka shiga tashar mota mai yashi da tsakuwa, nan za ka gane ƙananan tayoyin nan don santsin tayil aka yi su, sai ƙara da tirjiya, ƙarshe dai ka ɗauke shi a hannu kana haki. Kuma ba ya tsayuwa, ka sake shi a gangare ko cikin jirgin ƙasa sai ya kama gabansa. Wata na takwas taya ɗaya ta fara kuka, na duba ashe zare da gashi ne suka nannaɗe a ciki, na cire da allura ta ɗan lafa, bayan wata uku ta balle gaba ɗaya. Abin haushin, ba da noti suka ɗaura ta ba, dasa ta aka yi, mai gyara sai da ya huda da inji kafin ya saka wata. Don Allah in za ku saya ku kifa akwatin, ku zuge mayafin ciki ku ga ko tayar tana kwantuwa.

Jikinsa dai ban da ƙorafi. Robar folikabonet ce, tana lotsawa ta dawo, ba kamar ɗaya robar da ake kira ABS mai saurin tsagewa ba. An taɓa danne shi da wani ƙaton buhu a but ɗin mota awa biyar, na ce shikenan, da aka sauke na dafa wajen daga ciki ya miƙe. Karce kam ya sha.

Makullin lamba uku da ke jiki kar ya ruɗe ku, zif ne, da biro ma ana farke shi, fasfo da kuɗi a jikina suke kwana. Sannan in jirgi ya cika wani lokaci a bakin ƙofa suke karɓar akwatin su kai ƙasa cikin manyan kaya, to ka tabbata ka zare fawa bank ɗinka tukuna, ba a yarda ya shiga can ba saboda batirinsa na iya kamawa da wuta. Nawa mai 20,000 mAh ne, wajen 74 Wh a ma'aunin ƙarfin batir, bai kai iyakar 100 Wh da aka saba yarda a shiga jirgi da ita ba. Nan ne rashin aljihun waje ke ƙona min rai, ko ɗan kwalbar turare mai mililita 100 za ka ciro a wajen bincike sai ka kwantar da shi ka buɗe biyu kamar littafi.

Zan ƙara saye? In ta jirgi ce eh, amma mai aljihu a gaba. Tafiyar mota ta kwana biyu kuwa na koma jakar goyo. Shi yana nan bayan ƙofa da sabuwar tayarsa ja cikin baƙaƙe uku, yana ɗan karkata hagu in ana tura shi.