Gajeren mahaɗi ko cikakken adireshi: amsa ga masu rubuta bayanin tashin kanel

Ɗan'uwa, ka ce kai da abokanka a nan Kumasi kuna rubuta bayani kan yadda kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, ke tashi, tun daga GRUB, manhajar da ke loda shi, har zuwa inda init, shirin farko da kanel ke kunnawa, ke karɓar aiki, kuna ajiye shafukan a Git, manhajar adana fayiloli da tarihin canje-canjensu. Tambayarka ita ce wanne za ka sa tsakanin shafi da shafi: gajeren mahaɗi (link) irin ../grub.md, ko cikakken adireshi mai farawa da https.

Bambancinsu kamar kwatance ne a Aboabo. In ka ce wa mutum "wuce masallaci, gida na biyu a hannun dama", zai kai, muddin yana tsaye inda kake tsaye. Gajeren mahaɗi ke nan, daga fayil ɗin da mai karatu yake ciki ake fara lissafin hanya. Cikakken adireshi kuwa kamar lambar GhanaPost GPS ne, ko daga Nima aka taso ko daga Tamale, wuri ɗaya za a sauka.

A tsakanin shafukanku, ni gajeren nake ba ka shawara, kuma dalilina yana cikin abin da kuke rubutu a kai. Wa ke buɗe bayanin tashin kanel? Sau da yawa wanda kwamfutarsa ta ƙi tashi ne. Na taɓa kwana a gaban wata da ta tsaya cak, baƙin allo na nuna "VFS: Unable to mount root fs", data ta ƙare, abin da ya rage mini kwafin bayanan da ke kan filashi. Duk mahaɗin da yake gajere ya kai ni shafin initramfs, ƙaramin tsarin fayiloli na wucin gadi da kanel ke fara tashi da shi, nan take. Masu https kuwa ko ɗaya bai buɗe ba. Ƙari a kan haka, in wani ya kwafi rumbunku na Git ko ya buɗe sabon reshe, wato layin aiki na dabam a cikinsa, gajeren mahaɗi na bin sa can. Cikakken adireshi zai dinga mayar da shi babban reshe, ya karanta bayanin wani zubi (version) na kanel alhali yana aiki da wani, kuma bai sani ba.

Amma gajeren yana da rauni: ba ya jure ƙaura. Ka matsar da fayil ɗaya zuwa wata folda, mahaɗan da ke cikinsa sun karye, waɗanda ke nuno shi ma haka. Su kansu masu kanel sun sha wannan. Bayanin ƙa'idar tashi a kwamfutoci masu firosesa irin x86 da can sunansa Documentation/x86/boot.txt, a 2019 ya koma boot.rst, a 2023 kuma aka kwashe foldar zuwa Documentation/arch/x86/. Na masu firosesa irin arm64, wato booting.rst, shi ma a 2023 ya koma ƙarƙashin arch. Sannan in ka yanko sakin layi ka tura a WhatsApp, ../ ba ya nufin komai a wayar wanda ya karɓa.

A nan ne cikakken adireshi ke da ranarsa. Duk abin da ke wajen rumbunku, da shi za ka nuna, babu wata hanya. Sai dai ka kula da kalmar latest a adireshin kernel.org, domin abin da ke bayanta yana canjawa da kowane sabon zubi. In a kan 6.1 kuka yi gwaji, ka sa adireshin da ke ɗauke da v6.1, don mai karatu ya ga abin da idonka ya gani.

Akwai hanya ta uku da nake so ƙwarai, wadda masu kanel ke bi a Sphinx, manhajar haɗa shafukan bayani da suka koma amfani da ita a 2016. Ana rubuta hanyar fayil daga tushen rumbu, kamar Documentation/arch/x86/boot.rst, ba tare da wani ado ba, wani ɗan ƙari da suka yi wa Sphinx ya mayar da ita mahaɗi lokacin da aka buga make htmldocs. Wanda ke karanta ɗanyen rubutu a taminal ma ya san inda zai nufa. Kuma in shafin da kake rubutu a ciki ya yi ƙaura, hanyar ba ta karyewa, sai dai in wanda ake nunawa ne ya matsa.

Tunda Markdown, salon rubutun fayilolin .md, kuke amfani da shi ba Sphinx ba, ku riƙe gajeren a cikin gida, kada foldodi su yi zurfin da za ka dinga ƙirga ../../../ da yatsa. Ranar da za ka matsar da fayil, kafin git mv, umarnin matsarwa, ka fara buga git grep, umarnin nema, da sunansa, ka gyara duk inda ya fito a cikin canji guda.