Allon soso da na yi haya a Yoff

Har yau dariya ake mini a fadarmu ta hira a Birni: mutumin da sai ya jira mai ga-ruwa kafin ya yi wanka, wai shi ne ya je hawan igiyar teku. To, na je. Aiki ne ya kai ni Dakar, ran Lahadi na gangara bakin ruwan Yoff, na yi hayar allo haɗe da darasin awa biyu.

Da aka miƙo mini shi raina bai so ba. Ƙaton abu ne na soso, ƙafa 8, kusan mita biyu da rabi, alhali samari na wucewa da gajeru masu tsinin hanci. Malamin ya kwantar da ɗaya kusa da nawa a kan rairayi. Cikin nasu kumfa ce, an lulluɓe ta da zaren gilashi, an shafe da ƙaro mai ƙanƙarewa, ga siririn katako ya ratsa tsakiya daga hanci zuwa wutsiya kamar ƙashin baya. Ya buge ka a goshi, sai ɗinki. Nawa kuwa faɗinsa da kaurinsa ne ke ɗauke da ni bisa ruwa, gefensa mai laushi, hancinsa ya ɗan ɗaga don kada ya nutse. Sau biyu ya make ni, ko ƙulu ban yi ba.

A ƙarƙashin wutsiya akwai fikafikai uku, su ne linzami, su ke hana allon zamewa gefe. Tsarin ukun nan wani ɗan Ostareliya, Simon Anderson, ya fito da shi a 1980. Fikafikan allona na roba ne mai lanƙwasuwa.

Inda masu ba da hayar suka gaza shi ne igiyar ƙafa, wadda ke ɗaure allon da ƙafar mai hawa. Maɗaurinta ya tsufa, rairayi ya cika shi, ya ɓalle a tsakiyar darasi, allon ya tafi ya bar ni ina shan ruwan gishiri, ni da a tabki na koyi iyo. Sai bayan nan aka canza mini. In za ka yi haya, fizgi maɗaurin nan da hannunka tun kana tudu.

Na miƙe tsaye sau uku, ba wanda ya kai ƙirgen biyar. Da na nuna wa ƙanena bidiyon sai ya ce, "Yaya, ai wannan katifa ce ka hau."