Sassaƙa da fasahar jere: amsa ga Malama daga Jega

Malama, kin tambaya a zaure cewa za ki Legas, kina son sanin bambancin sassaƙa da wannan sabuwar fasahar da ake cika ɗaki da kaya, kuma wanne ya cancanci lokacinki. Na ga duka biyun, ga abin da na gani.

Sassaƙa abu ɗaya ce tsaye, ke ce mai zagaya ta. A Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan akwai Anyanwu, aikin tagulla na Ben Enwonwu da ya gama a 1955: mace siririya, doguwa, ta miƙe sama kamar za ta bar ƙasa. An kai irinta hedkwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a 1966. Gwaninta kam akwai ta, amma daga nesa na tsaya, don zuciyata ba ta sake da siffar mai rai ba, kuma na san da yawanmu haka muke.

Ɗayar kuwa ni jere nake ce mata, domin ba ta da maraba da jeren ɗakin amarya. Kwano ɗaya ba komai ba ne, sai an jera samira da fanteka bango guda sannan ki tsaya kina kallo. A wani baje koli na shiga ɗaki da aka rataye tsofaffin takalman roba da zare tun daga rufi, wasu dunduniyarsu ta cinye, ɗaya ma an ɗinke maɗaurinsa da waya. Ina ratsawa suna taɓa kafaɗata. Wallahi mutanenmu da suka bar ƙauyukansu da ƙafa ne suka faɗo mini, na kasa fita da wuri.

Gwanin wannan fanni shi ne El Anatsui, ɗan Gana da ya fara koyarwa a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka a 1975. Marafan kwalba yake fyaɗawa, a ɗinke su da wayar jan ƙarfe su zama kamar ƙaton gwado. A 2023 aikinsa ya cika babban zauren Tate Modern, gidan baje kolin fasahar zamani da ke Landan.

Aibin jere ɗaya ne: ana kwance shi in baje kolin ya ƙare, ita kuwa Anyanwu tana nan. Don haka ki fara da jeren. Ni dai tun da na dawo nake hango homa da gorar masuntan Argungu rataye a Gidan Tarihin Kanta.