Na'urar auna danshin ƙasa mai tsinke: ta san jiƙa, ba ta san gishiri ba

Shukar da ƙishi ya kama da wadda ruwa ya yi wa yawa, yaushi iri ɗaya suke yi. Idan ruwa ya kwanta a gindi, iska ba ta kaiwa ga saiwa, sai saiwar ta kasa jan ruwa, ta soma ruɓewa, ganye ya langaɓe kamar an shiga fari. Mai shuka ya gani ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta. Wannan ruɗanin ne na'urar ke warwarewa, kuma a nan ta ci kuɗinta.

Ba ta buƙatar batir. Ƙarfe iri biyu ne a bakin tsinken, jiƙaƙƙiyar ƙasa na haɗa su sai su ba da 'yar wutar da ke motsa allura a kan ma'auni: 1 zuwa 3 bushewa, 4 zuwa 7 danshi, 8 zuwa 10 sharkaf. A soka tsinken ya kai kashi biyu cikin uku na zurfin tukunyar shuka, ɗan nesa da kara don kada a tsinka saiwa, a jira minti ɗaya. A gwada wuri uku, domin gefe yakan riga tsakiya bushewa. In an gama a zare a goge. Barinsa a ƙasa tsatsa ce.

Aibinta babba ne. Ba ainihin ruwan take aunawa ba, yadda ƙasa ke wuce da lantarki take aunawa, gishirin takin zamani kuwa yana ƙara hakan. Ƙasar da taki ya taru a cikinta sai ta nuna 8 alhali ta fara bushewa. Abin takaici, a irin wannan ƙasar ce saiwa ta fi wahala, saboda gishiri na riƙe ruwa ya hana shi shiga saiwa. Alamarsa farin ɓawo a saman ƙasa da ƙonewar bakin ganye. Maganinsa a kwarara ruwa har ya fita ta ramin gindin tukunya sosai. A yashi kuma akasin haka take yi, takan nuna bushewa ko bayan ban ruwa.

Yaushin tsakar rana alhali allura na kan 5 ba abin tsoro ba ne: ganye na fitar da ruwa fiye da yadda saiwa ke kawowa, da yamma zai miƙe.

Sashen auna tsamin ƙasa da ake haɗawa a wasu samfuran, allurarsa da ƙyar take barin 7, wato tsaka-tsaki a ma'aunin tsami. Kada a dogara da shi.