Kafin ka sayi maganin ƙwari mai hoton kunama

Kwalbar da ta ci min kuɗi hoton kunama ne a jikinta, wutsiya a ɗage, an rubuta wai da dafinta aka haɗa maganin, ƙwari masu ɓarna kaɗai yake kashewa. Sau biyu na fesa. Tsutsa ta ci gaba da cin ganye kamar ruwa na yayyafa mata, ƙudan zuma kuwa suka zube a ƙasa.

Abin haushin shi ne ƙaryar tana da tushe. Jijiya tana aika saƙo ne ta wasu 'yan ƙofofi da ke buɗewa sodiyam ya shiga, su rufe nan take. A dafin kunamar Arewacin Afirka, Androctonus australis, akwai wani furotin mai amino asid 70 da ake kira AaIT, wanda Eliahu Zlotkin da abokan aikinsa suka ware a 1971. Yana maƙale wa ƙofar sodiyam ta ƙwaro, ya sa ta buɗe ba lokacinta ba, jijiya ta yi ta harbawa har ƙwaron ya sanƙare. Ƙofar mutum da ta dabbobi masu shayarwa ta ɗan bambanta a daidai inda yake kamawa, sai ya wuce ta. To amma kunama da allurarta take yawo. Furotin ɗin ba ya ratsa fatar ƙwaro, in an ci shi kuma ciki ya narkar da shi. Shi ya sa masana suka dasa ƙwayar halittarsa cikin wani bairas mai kama tsutsa a 1991, da cikin naman gwarin Metarhizium a 2007, don su shigar da shi jiki. Wannan aikin bincike ne. Ɗanyen dafin kuwa yana ɗauke da wasu gubobin masu kashe mutum.

Abin da za ka samu a zahiri, mai aiki ta wannan ƙofar, kashi biyu ne. Dangin pyrethroid, su permethrin da cypermethrin da deltamethrin masu lamba 3A a jerin da ake rarraba magungunan ƙwari bisa yadda suke aiki, suna tokare ƙofar a buɗe: kisa nan take, amma ba sani ba sabo, har kifi da ƙudan zuma, kuma ƙwari da yawa sun gagare su.

Ni kashi na biyun nake saye, wato indoxacarb, mai lamba 22A, wanda aka yi wa rajista a Amurka a 2000. Shi toshe ƙofar yake yi. Abin da ya burge ni, a cikin kwalba ba shi da kaifi sosai. Sai tsutsa ta ci shi, sinadaran jikinta su juya shi ya zama guba mai ƙarfi, wato da kanta take wasa wuƙar. Cikin 'yan sa'o'i ta daina ci, ta mutu bayan kwana ɗaya ko biyu. Tun da aikinsa daban ne, sau da yawa yana cin tsutsar da ta gagari pyrethroid. Ba waliyyi ba ne: yana kashe ƙudan zuma in ya same su yana ɗanye, don haka da yamma nake feshi, kuma Tarayyar Turai ta ƙi sabunta izininsa a 2021. Ga ƙwari masu tsotson ruwan shuka ma ba shi ne gwani ba.

Akwai maganin ƙwari na gaske da aka samo daga dafi, Spear na kamfanin Vestaron, amma daga dafin gizo-gizon Ostareliya aka samo shi, kuma ba ta ƙofar sodiyam yake bi ba.

Sai batun jabu, inda aka fi yanka mutane. Duk kwalbar da ba ta faɗi sunan sinadari da yawansa ba, ajiye ta, komai kyan hoton. Duba lambar rajista, lambar rukunin da aka sarrafa, da ranar lalacewa, ka murza da yatsa ka ga ko tawadar na gogewa. Murfin da aka taɓa buɗewa, ko maganin da aka ɗura a wata roba ana cewa "ai duk ɗaya ne", kar ka karɓa. Tawa kwalbar, ina kyautata zaton pyrethroid mai araha aka tsarma da ruwa aka manna masa kunama. Ko an rubuta indoxacarb ma, in ka fesa tsutsa ta faɗo nan take, ka yi shakkar abin da ke ciki, domin na gasken ba ya gaggawa.