Hoton daimon ya cinye min miliyan biyu da dubu ɗari uku

Jama'ar Sakkwato, ku ji abin da aka yi min. Naira miliyan biyu da dubu ɗari uku na tura wa wata mata a Instagram, kuɗin zoben daimon na bikin ƙanwata. Miliyan biyu da ɗari uku, a kan hoto!

Kada wani ya ce min wauta ce. Na fi shekara goma ina sayen zinari, ba a taɓa haɗa ni da jabu ba. Na tambaya, na sake tambaya. Ta yi ta turo hotuna, dutsen yana walƙiya kamar an kunna fitila a cikinsa, ta ce, "Haba Hajiya, ki dubi yankan nan, da kaina na taho da shi daga Dubai." Wannan "Haba Hajiya" ce ke hana ni barci.

Da zoben ya iso na buɗe shi a tsakar gida a Mabera, da rana tsaka. Tsakiyar dutsen duhu kamar kan ƙusa. Wani maƙerin zinari a Tsohuwar Kasuwa ya sa madubinsa ya daɗe yana juya shi, sai ya ce daimon ne na gaske, amma yankan ya yi zurfi da yawa, haske na shiga ya zube ta ƙasa maimakon ya dawo ido. Daimon mai zagaye irin wannan, fuska 57 ko 58 gare shi, hoto kuwa gefe ɗaya yake kamawa, kuma a ƙarƙashin fitilun kanti ko fasasshiyar kwalba sai ta yi kyau.

Af, na tsallake. Tun kafin in biya ta turo hoton takardar shaidar dutsen daga GIA, cibiyar tantance duwatsu masu daraja ta Amurka, an yanke wajen lambar. Ranar Talata ce, ko Litinin. Na tambaya, ta ce wayarta ba caji. Ashe lambar nan ana iya duba ta a shafinsu, a ga matakin ingancin yankan. Ni kuwa na ce mace mai yawan ambaton Allah ba za ta cuce ni ba.

Yanzu ta toshe ni. Miliyan biyu da ɗari uku. Hirarmu da rasit ɗin banki duk suna nan, zan ɗora su anjima. Allah ya isa.

Kada ku biya sai dutse ya zo hannunku, kun fita da shi rana, kun duba lambar takarda.