Tabarau mai tare shuɗin haske ko saitin dare na kwamfuta?

Ɗan'uwa, tsakanin tabarau ɗin da saitin dare da ke cikin kwamfutarka, wato wanda ke rage shuɗin hasken allo da dare, ka bar kuɗinka a aljihu ka kunna saitin. Duka biyun na gwada.

Aikina yakan kai ni dare. A da in na rufe kwamfuta ƙarfe sha ɗaya, sai in kwanta ido biyu, ina ta juye-juye har ƙarfe ɗaya ta gota. Sai na sauke wata manhaja kyauta mai suna f.lux, mai yin aikin saitin dare, wadda take nan tun 2009. Daren farko da allon ya koma ruwan goro, hankalina ya tashi, na zaci ya lalace ne. Kwana uku kawai idona ya saba. Yanzu in na kashe ta da dare, farin allon sai ya soke ni kamar fitilar mota a duhu. Abin da ya fi faranta mini rai, hamma ta dawo tana zuwa a kan lokacinta.

Dalilin kuwa, jiki na ɗaukar shuɗin haske a matsayin alamar rana ba ta faɗi ba, sai ya jinkirta sakin sinadarin melatonin da ke shirya mutum ga barci. Allo da rana yakan tsaya a 6500K a ma'aunin launin haske (in lambar ta ragu, shuɗin ya ragu), ni kuma da dare nakan sauke shi zuwa 3400K. Yanzu ma ba sai ka sauke komai ba, tun 2017 Windows na da Night light, Mac na da Night Shift. Ka saita shi ya kunna kansa da faɗuwar rana, sannan ka rage ƙarfin hasken allon shi ma, domin canza launi kaɗai bai wadatar ba. In kana gyaran hoto dai ka kashe saitin tukuna, zai ruɗe ka a launi.

Tabarau ɗin kuwa yana can cikin durowa yana shan ƙura. Ba zan ce banza ne ba, amma ban ga abin da ya ƙara mini ba, kuma bitar bincike da Cochrane, ƙungiyar masu tace binciken lafiya, ta fitar a 2023 ba ta samu hujjar cewa yana rage gajiyar ido ba.

Don Allah ka yi hattara da masu tallarsa. Za su haska ɗan tocilan a kan farin kati ya canza launi, su gitta gilashin katin ya tsaya fari, ka ce shi ke nan. Hasken tocilan ɗin na kusan nanomita 405 ne a ma'aunin tsawon zangon haske, wanda shi ke bambanta launi, shuɗin allonka kuma yana wajen 450. Gilashi na iya tare na farko tsaf, na biyun ya wuce abinsa.

In kuma yajin ido ne ke damunka, sau da yawa rashin ƙiftawa ne. Duk minti 20 ka ɗaga kai ka kalli abu mai nisa na daƙiƙa 20. Ka kunna saitin yau da daddare, ka ba shi mako guda.